Ku Tambayi Anti: Cin kifi a bakin tekun Zanzibar da shiga kasuwar Darajani

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce na ce na je Zanzibar sau biyu, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ni ce jakadiyar Tanzaniya. Na zaɓo biyar, sauran ku yi haƙuri, yawancinsu dama tambaya ɗaya ce aka sauya mata riga.

TAMBAYA: Slm Anti ya aiki ya iyali. Ni amarya ce wata uku da biki, maigidan ya ce bayan sallah zai kai ni Zanzibar mu yi sati ɗaya. Ina yawan ganin bidiyon wani waje a TikTok a bakin ruwa da daddare ana ta gasa kifi da wasu abubuwa masu ƙafafu da ban ma san sunansu ba, ni kuma cikina ba ya son wargi ko awara na ci a waje sai na kwana ina zarya. Dan Allah me zan ci me zan bari? Daga ƙanwarki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam amarya, Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kuma ƙara wa ango buɗi tunda dai ya san hanya. Wajen da kike gani sunansa Forodhani, wani lambu ne a gaɓar teku a tsohon garin da Turawa ke kira Siton Tawun, su kuma 'yan gari suna cewa Mji Mkongwe. Kalmar forodha da Suwahili kwastan take nufi, don a nan gefen ake sauke kayan jiragen ruwa a da. In kin tsaya a lambun kin ba teku baya, tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal za ki gani, kusa da ita kuma ga Baitul Aja'ib, gidan da Sarki Bargash ya gina a 1883, shi ne gini na farko da aka sa wa lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disambar 2020, zuwana na biyu a killace na same shi ana gyara. Shi kansa lambun gidauniyar Aga Khan ce ta gyara shi aka sake buɗewa a 2009.

Ku je tun bayan la'asar sakaliya kada ku jira dare. Lokacin ne samarin gari ke taruwa a bakin katangar ruwan suna sheƙowa da gudu suna alkafura suna faɗawa teku, in ruwa ya cika kenan, ga jiragen katako masu tafiya da iska suna dawowa rana tana faɗuwa a bayansu, wannan kallon kyauta ne kuma a wajena ya fi abincin. Ana kiran magariba za ki ga an jera tebura an kunna fitilu, masu gashi sun sha fararen riguna da dogayen huluna kamar a otal, hayaƙi ya tashi, kyanwoyi kuma sun fito aiki, don kyanwoyin Forodhani ba su da kunya ko kaɗan, a ƙafarki za su zauna suna ƙirga lomarki.

To yanzu maganar ciki. Wancan tulin da kike gani a bidiyo, jatan lande manya da ƙaguwa da kifi a tsinke da pweza (wata halittar ruwa ce mai hannuwa takwas), yawancinsa an riga an dafa shi ko an gasa tun kafin a kawo, in kin zaɓa ɗumama miki kawai za a yi a kan wuta. Kuma ba wanda zai rantse miki cewa na yau ne, abin da bai ƙare jiya ba ina kike zaton ya tafi? Ni na koyi wannan karatun da jikina. Zuwana na farko wani mai teburi ya yi ta zuba min daɗin baki, dada dada, wato yaya ko 'yar'uwa, ya cika min faranti da abubuwan da ban ce ya sa ba, ban tambayi kuɗi ba sai da na cinye, ya kawo lissafin da ya kusa kuɗin kwanan ɗakina, na biya ina murmushin yaƙe, kafin asuba kuma na san hanyar banɗakin otal ɗin nan ko a duhu. Kwana ɗaya cur na yi ina shan ruwan gishiri da sukari, abokan tafiyata suna can suna yawo.

Abin da za ki ci shi ne wanda aka haɗa a gaban idonki daga ɗanye zuwa dafaffe. Na farko fizar Zanzibar, sunan ne kawai fiza, in kin taɓa cin mutabbaƙ a Makka to ƙanwarta ce: a murza ƙullin fulawa ya yi siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da tattasai, a fasa ɗanyen ƙwai a kai a sa cukwi, a naɗe a soya a faffaɗan kasko kina tsaye. Akwai ta ayaba da cakulan ma in ango mai son zaƙi ne. Na biyu urojo, kuma ita ce nake mafarki har yau. Romo ne mai ɗan kauri ruwan ɗorawa, da tsamin ɗanyen mangwaro da lemun tsami, a yanka dafaffen dankalin turawa a ciki, a sa bajiya mai kama da ƙananan ƙosai, a sa dafaffen ƙwai, a barbaɗa soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, a ɗiga miyar kwakwa da yaji. Da zafinsa ake zubawa. Ki lura da kyau, layin mai urojo matan gari ne da hijabansu da yaransu, layin masu tulin jatan lande kuwa kusan duk baƙi ne masu kyamara. Ki bi layin masu hijabi. Sai mishkaki, tsirensu kenan, ƙanana ne kuma ba ƙuli, ba zai kai miki na Zariya ba gaskiya amma in an gasa a gabanki ba laifi. Ki kora da ruwan rake da ake matsewa a inji tare da citta da lemun tsami, ki ce kada a sa ƙanƙara tunda kin ce cikinki ba ya son wargi.

Kifi na gaske kuwa da rana ake cinsa. Ku shiga cikin lunguna inda ma'aikata ke cin abincin rana, akwai Lukmaan a unguwar Mkunazini da kowa ya sani, abinci a jere sai ki nuna da yatsa, ku ci biriyani ko filau da kifin da aka dafa da madarar kwakwa. A nan na fara cin pweza a miyar kwakwa, na rufe ido na kai baki, sai na ji kamar ganda mai laushi. Kafin a ɗora komai a wuta ko a faranti, ko a ina ne, ki ce bei gani, wato nawa ne, kuma ki tabbata kuɗin tsinke ɗaya ake faɗa miki ko na faranti duka.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Yarana ne suka matsa sai sun kai ni hutu can ni da mahaifiyarsu. Abin da ke damuna shi ne halaccin waɗannan ƙwarin ruwa da suke ci, da kuma naman, da wajen sallah. Ni dattijo ne ba na son in je in ci abin da zai hana ni barci. Wani Alhaji daga Maraɗi.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba Alhaji, Allah Ya yi wa yaran albarka. Ka kwantar da hankalinka, Zanzibar garin Musulmi ne kusan gaba ɗaya, kiran sallah ne zai tashe ka da asuba ba agogo ba, masallatai kuma a tsohon garin ba ka tafiyar minti biyar ba ka wuce ɗaya ba. Akwai na unguwar Malindi kusa da tashar jiragen ruwa mai tsohuwar hasumiya, ka je ka gani. Yawancinsu Shafi'awa ne, don haka za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma ya yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u an ɗaga hannuwa ana amin, kada ka zaci an yi rafkanuwa. Naman kasuwa yankan Musulmi ne.

Batun abin cikin teku, ni ba malama ba ce, amma abin da muka karanta a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi kawai. Sai dai halal daban, abin da rai ya karɓa daban, in ka kalli ƙaguwa ka ji tsigar jikinka ta tashi ba dole, kifi iri-iri ne a can har da manyan da sai mutum biyu sun ɗauka. Inda zan ja hankalinka shi ne gidajen abincin da ke kan yashi a bakin ruwa, waɗanda aka yi don Turawa, da yawansu suna sayar da giya. Ka sa yaran su tambaya kafin ku zauna. Ga shawarata ta musamman gare ka: da safe ka sa a kai ka Jaws Corner, wata 'yar mahaɗa ce a cikin lunguna inda dattawa ke zama a kan baraza, dakalinmu dai sak, ana zuba gahawa baƙa a ƙananan kofuna ana haɗawa da kashata mai kamar alawar gyaɗa, ana hirar siyasa. Ka yi sallama za su amsa su matsa maka waje. In yaro ya ce maka shikamoo gaisuwar girmamawa ce, sai ka ce marahaba. Ka kuma sayo hularsu ta ɗinkin hannu, kofiya, za ta zauna da farar shadda.

TAMBAYA: Anti ni sana'ata kayan ƙamshi da haɗin shayi da na yaji, ina saro kanumfari a Kurmi ana ce min wai daga Zanzibar yake zuwa. Zan raka yayata can wata mai zuwa, ina so in san kasuwar da zan shiga da yadda ake ciniki tunda ba na jin yarensu turancin ma sama-sama ne. Maman 'yan biyu, Kano.

AMSA: Maman 'yan biyu ai ke kin je gida. Kasuwar sunanta Darajani, tana bakin babban titin da ya raba tsohon gari da sabo, an gina ta a 1904, kuma sunan yana nufin wajen gada don a da wani rafin teku ne ya ratsa ta wurin kafin a cike shi. Daga Forodhani da ƙafa za ki je ta cikin lunguna, za ki ɓata, kowa yana ɓata, lungunan sun fi na cikin birnin Kano matsi mota ba ta shiga sai babur da keke suna ta ƙararrawa a bayanki, amma duk wanda kika ce wa Darajani zai nuna miki da hannu.

Ki je da safe wajen tara zuwa sha ɗaya. Hancinki ne zai fara sanar da ke kin iso, don ɓangaren kifi yana nan a babban ginin, ƙarni kam sai kin toshe hanci da mayafi, ƙasa a jiƙe, kada ki sa doguwar abaya mai jan ƙasa ko takalmin da kike ji da shi. Amma ki daure ki tsaya ki ga gwanjon kifi, mnada suke ce masa: a zube kifi a gaban dillali, mutane su kewaye, yana ta rattaba farashi da sauri kamar mai karanta haddar da ya tsorata da ita, kafin ki gane me ake ciki an sallama an ja wani. Wanda ya fi wannan zafi yana Malindi da sassafe inda masunta ke sauke kamun dare.

Daga nan ki zagaya wajen kayan ƙamshi. Gaskiya aka faɗa miki a Kurmi, ko da yake ba duka ba, don Indonesiya da Madagaska sun fi su nomansa yanzu. Sarki Sayyid Sa'id na Oman, wanda ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, shi ya tilasta wa masu gonaki dasa kanumfari har tsibiran suka zama kan gaba a duniya a zamanin, kuma bayi ne suka yi wannan noman, in kin samu sarari ki taka zuwa cocin Angilika da ke Mkunazini 'yan mintuna daga kasuwar, a daidai filin da ake sayar da bayi aka gina shi bayan an rufe cinikin a 1873, akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, ni dai da na fito na daɗe ban yi magana ba. Yau mafi yawan kanumfarin daga tsibirin Pemba yake fitowa. Suna ce masa karafuu, kin ga ai da namu sunan uwa ɗaya uba ɗaya, duk daga ƙaranful na Larabci.

Kada ki sayi waɗancan ƙananan ƙulle-ƙullen da aka jera da siffar jirgi ko malam-buɗe-littafi, tsarabar Turawa ce, sun sha rana ƙamshin ya gudu. Ki shiga ciki wajen masu buhu masu awo da sikeli. Ke ba sai na koya miki ba amma saboda masu karatu: kanumfari mai kyau kansa yana nan bai gutsure ba, in kin danna shi da farce mai zai ɗan fito, in kin jefa a ruwa ya nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda ya kwanta a saman ruwa an gama da shi. Kirfa ita ce mdalasini, citta tangawizi, masoro pilipili manga, iliki kuma shi ne hel ɗin da muke sa wa a shayi da gahawa. Ki sayo gyaɗar ƙamshi da banila in kuɗi ya kai. Za a nuna miki wani jan abu a ce za'afaran ne da araha, ki wuce, ba a noma shi a can kuma na gaske ba ya araha ko a ina.

Ciniki kuwa kin fi ƙarfinsa, don lissafinsu rabinsa namu ne. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini, kin ji ai ba sai an fassara ba. Mia ɗari, elfu dubu. In ya faɗi kuɗi ki ce ghali sana, ya yi tsada, punguza, rage. Ba sa cewa albarka, dariya zai yi ya girgiza kai, ke kuma ki yi kamar za ki tafi irin yadda kike yi a Kwari. Ki riƙe wayarki ki rinƙa rubuta lamba kina nuna masa. Abu ɗaya, kada ki yarda wani ya maƙale miki tun daga bakin titi wai zai raka ki, 'yan gari suna kiran irinsu papasi wato kaska, duk abin da kika saya da kamashonsa a ciki. Ki ce hapana asante, wato a'a na gode, ki ci gaba da tafiya ba tare da faɗa ba. Ki tafi da jakar yadi don an hana leda a Tanzaniya tun 2019. Sannan 'yan kilo na tsaraba da gwajin kasuwa ba matsala, amma in buhu-buhu kike tunani wannan wata magana ce, fitar da kanumfari ƙasar waje yana hannun hukumar cinikin gwamnati ne ZSTC, ba a kasuwa ake gama shi ba.

Kafin ki fita ki leƙa layin masu kanga a bayan kasuwar, zannuwa ne masu sauƙi ana sayar da su bibbiyu, kowanne da rubutun karin magana a ƙasansa. Ki sa a fassara miki kafin ki biya, don wasu addu'a ce wasu kuma habaici ne tsagwaronsa, kada ki kai wa uwar miji zanin da aka rubuta don kishiya.

TAMBAYA: Anti ni ƙorafi ne da ni. Mun je bara da abokaina, muka yi ciniki da mai kwale-kwale a bakin Forodhani zai kai mu tsibirin kunkuru, muka ba shi kafin alƙalami, ya ce mu zo saa nne, na duba a waya na ga nne huɗu ne. Mun zo ƙarfe huɗu na yamma ba shi ba alamarsa, washegari kuma ya tare mu yana faɗa wai mu muka saɓa. Wannan ba damfara ba ce? Ɗalibi daga Kumasi.

AMSA: Ƙanina ka yi haƙuri amma na yi dariya har da hawaye, bawan Allah nan bai cuce ku ba, ku kuka shanya shi. Agogon Suwahili daga fitowar rana yake fara ƙirga, ƙarfe bakwai na safe ita ce saa moja wato awa ɗaya, don haka saa nne ƙarfe goma na safe kenan, saa sita sha biyun rana. Ka ƙara shida ko ka cire shida kawai. Ya zauna tun goma yana jiranku ya rasa wasu fasinjojin, ku kuna can kuna barci. In ka sake komawa ka nuna masa lokacin a fuskar waya ku yi ittifaƙi. Kuma ka koma ɗin, tsibirin Changuu sunansa, tafiyar kamar rabin awa ce, kunkurayen nan manya asalinsu kyauta ce daga Seshel a 1919, wasu sun haura shekara ɗari. Ku tabbata akwai rigar hana nutsewa ta kowa a cikin jirgin kafin ku taka.

TAMBAYA: Anti a taƙaice me ake buƙata kafin a tafi, kuma wane wata ya fi? Ma'aikaciyar jinya daga Jos.

AMSA: A taƙaice ɗin zan ba ki 'yar'uwa. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, ta intanet ake nema a jira amincewa daga can, don haka ki fara da wuri kada ki yanki tikiti tukuna. Ki riƙe katin allurar shawara. Tun Oktoban 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatinsu ta dala 44, ko da kina da wata. Jirgi akan bi ta Adis Ababa ko Nairobi, in kuma kin sauka Darussalam akwai jirgin ruwa mai gudu, wajen awa biyu ya ajiye ki a tashar da ke 'yar tafiya kaɗan daga Forodhani, in kina da hajijiya ki sha magani kafin ki hau don teku ba kogin Binuwai ba ce. Ki guji Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan sama ne, Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da daɗin yawo. In tafiyar ta faɗo a azumi ki sani gidajen abinci da yawa a rufe suke da rana kuma ba a ci a kan titi. Ki canza kuɗinki zuwa shilin, takardarsu mafi girma ta dubu goma ce, ki nemi ƙanana saboda masu urojo da ruwan rake ba su cika samun canji ba. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ki gyara tun a jirgi.